"Birki Ya Ƙwace": Bayanin Da Bai Bayyana Komai Ba

Duk lokacin da tirela ta afka kasuwa, ko bas ta faɗa rami, abin da za ka ji a rediyo ko ka gani a Facebook kusan ɗaya ne: "birki ne ya ƙwace." Daga nan sai a yi addu'a a wuce. Addu'a ta dace, amma jimlar tana sa ka ɗauka birki na da ra'ayin kansa, alhali na'ura ce mai bin doka.

Ɗauki ƙaramar mota. Birkinta da mai yake aiki. Idan ka taka, matsin yana bin bututu har ƙafafu huɗu, domin mai ba ya matsuwa, dokar da Blaise Pascal na Faransa ya bayyana tun ƙarni na 17. Matsalar ita ce man birki yana tsotsar laima daga iska. Sabon DOT 4 ba ya tafasa ƙasa da digiri 230, amma idan ya sha laima ma'aunin yana sauka zuwa wajen 155. A doguwar gangara birki ya yi zafi, man ya tafasa, tururi ya taru a bututu. Shi kuwa tururi yana matsuwa, sai ka taka ka ji fayau. To wanda aka cika masa da ruwa zalla, mai tafasa a digiri 100 fa?

Tirela kuma da iska take aiki, dabarar da George Westinghouse ya fito da ita don jiragen ƙasa a 1869. A manyan motocin yau, iska ce ke danne wani ƙaƙƙarfan sifirin a ƙafafun baya. Iskar na zubewa, sifirin zai saki ya kama ƙafa. Ka ga ke nan ƙarewar iska tsayawa take jawowa, ba gudu ba. Idan tirela ta ƙi tsayawa, sai a duba lodin da ya wuce kima, takalmin birki da ya cinye, rashin saiti, ko sifirin da aka ɗaure aka bari.

Duk waɗannan suna da mai alhaki: direba, makaniki ko mai mota. "Ya ƙwace" tana wanke su gaba ɗaya. Don haka in ka sake jin ta, tambayi mai ba da labarin: yaushe rabon da a canza man, kuma tan nawa aka ɗora?