Littattafai Uku a Watan Makin Jarrabawa

Watan Yuli ba ya barin malamin makaranta ya yi barcin kirki. Takardun jarrabawa sun taru a kan tabarma, ga cike sakamakon yara, ga ruwan damina da ke tsare mutum a hanya. A cikin wannan hidima ne na bi ta Kasuwar Kurmi, na tsaya a rumfar wani dattijo mai sayar da littattafai. Ya ce da ni, "Malam, yanzu sai 'yan makaranta, su ma don dole." Na sayi uku: Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, wanda ya fito daga gasar rubutun Hausa ta 1933, saboda nawa ya salwanta a hannun masu aro, sai Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba Ramat Yakubu, da Turmin Danya na Sulaiman Ibrahim Katsina.

Na Balaraba kaɗai na gama. Bayan sallar isha'i nakan ajiye jan biro, in karanta shafi goma ko ƙasa da haka. Labarin Rabi, wadda Alhaji Abdu ya kora da 'ya'yanta tara don ya faranta wa amarya, ya zauna mini a rai har cikin aji. Na riƙa kallon wasu ɗalibaina ina tunanin daga irin wane gida suka fito.

A watan nan ne kuma ƙanwata ta saka ni a wani dandalin WhatsApp inda ake sayar da labari guntu-guntu. Ka tura kuɗi ta asusun banki, kowane dare a sako maka shafi. Ban raina wannan hanya ba ko kaɗan. Ta ba mata da yawa damar rubutu daga cikin ɗakunansu, ba sai sun nemi maɗaba'a ko kuɗin takarda ba, kuma cinikinsu na shiga hannunsu kai tsaye. Abin da ke damuna shi ne yadda take tilasta wa marubuciya ta ja zance. Labarin da ya isa shafi ɗari sai ya yi wata uku, kowane dare a yanke shi a inda hankali zai tashi, babu mai tace Hausar, babu lokacin komawa baya a gyara. Mai karatu ma ba ya samun sararin tsayawa ya yi tunani, domin in ka yi kwana biyu ba ka leƙa ba, an wuce ka. Ni kuwa a watan da nake ciki, kwana biyu ba komai ba ne. Na fita daga dandalin a mako na biyu.

Turmin Danya yana nan a gefen taga, na tsaya a shafi na 40, na sa guntun takardar sakamako a wurin. In hutu ya kama, daga nan zan ɗora.