Wane Littafi Ne Mai Sauƙi? Sharhi Kan Littattafan Farko Na Koyon Karatun Hausa

Tun da aka buɗe makarantar gwaji ta farko a Damagaram a 1973, inda yara suka fara karatu da Hausa kafin faransanci, tambaya guda take ta dawowa wurin malamai: idan yaro ya fara haɗa baƙi da wasali, wane littafi za a miƙa masa? Dokar ilimi ta 1998 ta ba harsunan gida gurbi a makaranta, kuma a watan Maris na 2025 aka ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, amma doka ba ta zaɓar wa malami littafi. Abin da ake samu cikin akwatin aji, in ma akwai akwatin, galibi littattafan da aka sayo ne daga Kano da Zariya, da waɗanda aka fassaro daga faransanci, da ƴan ƙananan littattafan tatsuniya. Duka ana kiransu masu sauƙi. Maƙasudin wannan maƙala shi ne a duba ko sun cancanci wannan suna. Maganar ba ƙarama ba ce, domin binciken PASEC na 2014 ya nuna cewa ɗaliban ƙarshen firamare a Nijar da suka kai matakin karatu da ake bukata ba su cika ɗaya cikin goma ba.

Ma'aunin da aka fi amfani da shi wajen zaɓe shi ne gajarta: gajerun kalmomi, gajerun jimloli, manyan haruffa, hoto a kowane shafi. Wannan ma'auni an gaje shi ne daga littattafan faransanci irin su Mamadou et Bineta na André Davesne, wanda ya yi zamani mai tsawo a makarantun Afirka ta Yamma. A faransanci wahalar tana cikin rubutun kansa, tun da sauti guda ana iya rubuta shi o, ko au, ko eau, sai a ɗauki watanni ana bin su ɗaya bayan ɗaya. Hausa ba ta da wannan ciwo. Gaɓoɓinta iri uku ne kacal: baƙi da gajeren wasali, baƙi da dogon wasali ko tagwan wasali, sai baƙi da wasali da baƙi. Yaron da ya san ma da ka da ran da ta zai karanta makaranta ba tare da gargada ba, ko da yake gaɓa huɗu gare ta. Wahalar Hausa tana wani wuri dabam, kuma sau da yawa cikin gajerun kalmomin nan da ake yabo take ɓoye.

Watau ƙa'idar rubutun Hausa ba ta nuna karin sauti, ba ta kuma nuna tsawon wasali. Bayan taron Bamako na 1966, littattafan yaƙi da jahilci a Nijar sun riƙa ninka wasali don nuna tsawo, har zuwa taron daidaita rubutu da aka yi a Yamai a 1980, inda aka koma ga tsari guda da Nijeriya. Daidaitawar ta yi amfani ƙwarai, amma akwai abin da mai koyo ya rasa a cikinta. A tsohon rubutu garii da gaarii sun bambanta a ido. Yau duka biyu gari ne, da wanda ake zama cikinsa da wanda ake tuƙa tuwo da shi. Kuka kuwa ko ninka wasalin bai raba shi ba, don karin sauti kaɗai ke bambanta na jariri da itaciyar miya. Haka wuya, haka baba, haka fari.

Babban mutum ba ya jin wannan, domin idonsa yana riga bakinsa isa ƙarshen jimla. Yaro ɗan aji ɗaya kuwa gaɓa-gaɓa yake tafiya, yana furtawa da ƙarfi. A ɗauki jimla kamar “Kuka ta yi tsawo”. Abin da ke warware ma'anar kalmar farko shi ne ta, kuma ta tana bayanta. Yaro ya riga ya furta kukan jariri, sa'an nan ya ci karo da ta, ya tsaya, ya koma baya. Da an rubuta “Inna ta yi miyar kuka”, jimlar ta fi tsawo, amma kafin ya kai ga kalmar mai rikici miya ta riga ta share masa hanya. Haka “buhun gari” da “bakin gari” sun fi “Gari ya ƙare” sauƙi. Littafin da ya jera irin waɗannan kalmomi su kaɗai a ƙarƙashin darasi, ba hoto ba jimla, ya sa yaro caca ne kurum. Abin mamaki, shafukan farko su ne suka fi cika da su, saboda marubuci yana neman kalmomi masu gaɓa biyu da haruffan da aka riga aka koya.

Akwai kuma ɗan ƙaramin ya, wanda ba shafin da ba ya ciki. “Ali ya zo”, da “sai Ali ya zo ya zauna” a cikin labari, da “a ce wa Ali ya zo”: rubutu guda, furuci uku. Ba yadda za a yi a kauce masa, amma marubuci mai lura ba zai tara ukun a shafi ɗaya ba a makonnin farko.

Sai maganar haruffa. Hausa tana da b da d da ɓ da ɗ, haruffa huɗu masu kama da juna kamar ƴan uwa ɗaya. Littafin da ya kawo ɓ a darasin da ke bin b kai tsaye, da nufin wai a kwatanta su, yakan bar yaro da ruɗu biyu maimakon ɗaya. Gara b da d su zauna daram tukuna. Mafi muni shi ne littafin da maɗaba'a ta zubar wa ƙugiya, ko ta mayar da ita ɗan ɗigon da ba a gani sai an ƙura ido, har baƙi ya koma baki, ƙafa ta koma kafa. Irin wannan littafi kome kyan hotunansa bai kamata ya shiga aji ba. Tagwayen baƙaƙe, su sh da ts da ƙw da gy, suna bukatar a jinkirta su kaɗan. Ga shi kuwa tatsuniya ba ta tafiya sai da tsuntsu da ƙwarya da gyaɗa tun daga layin farko.

Wannan ne ya kawo batun littattafan tatsuniya, da kuma Magana Jari Ce, wanda iyaye da yawa ke sayo wa yaro da zarar an ce ya iya karatu. Littafin Abubakar Imam, wanda aka buga kashi uku a ƙarshen shekarun 1930, ba a taɓa yin jayayya kan daɗin Hausarsa ba. Sai dai daɗin nan a dogayen jimloli yake, da karin magana, da kalmomin fada da na larabci, da labari cikin labari inda aku ke riƙe ɗan sarki da hira dare bayan dare. Wannan abincin kunne ne ga ɗan shekara bakwai. Malami ya karanta masa a ƙarshen yini, ya saurara, ya yi dariya, ya yi marmarin ranar da zai karanta da kansa. A ɗora masa shi a hannu tun yanzu kuwa, shafi guda ya isa ya sa shi ya yanke cewa karatu ba nasa ba ne. Tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi ma haka take in an rubuta ta yadda tsohuwa ke faɗinta. Tana da amfani guda babba, shi ne maimaici: jimlar da ke dawowa sau huɗu ko biyar tana ba yaro wurin hutawa. Amma maimaicin yana iya zama tarko, don yaron da ya san tatsuniyar tun daga gida zai rera ta da ka yana bin layi da yatsa, malami ya zaci karatu ne.

Littattafan da ke zuwa daga Nijeriya suna da tasu matsala, ko da yake rubutun ɗaya ne. An yi su ne da Hausar Kano, kuma tazarar da ke tsakaninta da bakin yaro ba daidai take ba a ko'ina. Ɗan Damagaram yana kusa. Ɗan Adar, a ƙasar Tawa, cewa yake tahi da lahiya da biyat, yana cewa shina inda littafi ya ce yana, yana cewa “yaz zo” da “Audu na” inda aka rubuta “ya zo” da “Audu ne”. Ba wanda ke neman a buga littafi dabam don kowane kari. Daidaitacciyar Hausa ita ce za ta haɗa mai karatu a Maraɗi da na Katsina. Abin nema shi ne, a littafin farko, a fifita kalmomin da kowane kari ya yarda da su, kuma suna da yawa: ruwa, rana, gida, nono, kaka. Harafin f musamman ya kamata a yi masa darasi na kansa a yammacin ƙasar, a gaya wa yaro a fili cewa abin da yake furtawa h ko hw shi ne ake rubutawa haka. In ba a gaya masa ba, zai ɗauka bakinsa ne ke da laifi. Kuɗi ma abin dubawa ne. Yaron da aka saba aikensa da dala ashirin ya sayo gishiri, labarin naira da kwabo ba ya kama masa kome, kuma ba sanin Hausa ne ya gaza ba.

Fassararrun littattafai ba sai an daɗe a kansu ba. Jimlar da take gajeriya a faransanci takan miƙe a Hausa, mai fassara kuma yana bin ma'ana ne, ba ya lissafin haruffan da ɗan ajin CI ya sani.

Gwajin da malami zai iya yi ba ya bukatar kome sai alli da allo. Ya rubuta haruffan da ya riga ya koyar, ya buɗe shafin tsakiya na littafin, ba na farko ba, ya ja layi ƙarƙashin duk kalmar da ke da harafin da ba ya cikin jerin, da duk kalmar da za a iya furtawa iri biyu kafin a kai ƙarshen jimla. Sa'an nan ya kira yaro matsakaici, ba gwanin aji ba, ya rufe hoton da tafin hannu, ya sa shi ya karanta, ya tambaye shi wa ya yi me.