Tallar Silima a Jarida: Wa Aka Yi Wa Ita?

Masu nazarin tarihin gidajen silima a Nijar sun cika dogara da tallar da ke cikin Le Temps du Niger da kuma Le Sahel, wadda ta gaje ta a 1974. Tallar tana da amfaninta: tana ba da sunan gida, da rana, da sunan fim. Amma a ganina ana ɗora mata kayan da suka fi ƙarfinta.

A Yamai ake buga jaridun nan, da Faransanci. Sunan fim kuwa sau da yawa na ƴan rarrabawa ne, irin su COMACICO da SECMA. Misali, fim ɗin Indiya Aan (1952) ya shigo ƙasashen rainon Faransa da sunan Mangala, fille des Indes. To, ɗan cin rani daga Tasawa ko Mayahi da ya kalli irin wannan fim a Maraɗi ko Kano, da wane suna ya kai labarinsa gida?

Nan ne aikin mai nazarin harshe yake. Brian Larkin (2008) ya nuna cewa a Kano an kira abin majigi, an kira shi dodon bango, kuma ƴan kallo sun raɗa wa Dharmendra suna Sarkin Ƙarfi. Talla ba ta ɗauke da irin waɗannan sunaye. A baka suke yawo. Ɗalibanmu na waɗannan yankuna biyu su ne ya kamata su tattaro su daga bakin dattawan da suka yi kallon, da karin harshensu, kafin a koma ga jarida don tantance shekaru.