Jinjina ga 'yan amshin Ɗanƙwairo

Daga Bagega har Gummi, ka bi ta rumfar masu cajin waya ko majalisar dattawa, da wuya ka wuce ba ka ji muryar Alhaji Musa Ɗanƙwairo Maradun ba. Shi kaɗai ake ambata, alhali kiɗan kotso ba aikin mutum ɗaya ba ne.

A gida ya gaji sana'ar. Mahaifinsa, Usman Ɗankwanda, makaɗi ne, kuma Musa ya daɗe yana amshi a bayan yayansa Kurna kafin ya ja tasa ƙungiyar. Wanda ya yi amshi ya san darajar 'yan amshi. Saurari waƙoƙinsa na Sardauna Ahmadu Bello ko na Sarkin Daura Muhammadu Bashar: da ya jefa baiti, kafin ya sauke numfashi mutanensa sun cafe, sun ƙarasa masa, kotso a rataye, yatsu na lugude a kan fata. Babu takarda, babu allo, duk a ka yake.

Ya rasu a 1991, 'ya'yansa da suka taso cikin amshin suka riƙe kotson. Gaishe ku, mazan bayan fage!