WALS: kundin da ya zana yadda harsuna ke jera suna da sifa

Kai, duk mai son nahawu da bai leƙa WALS ba, wallahi ya yi asara! Kundin taswirori ne na tsarin harsunan duniya. Martin Haspelmath da Matthew Dryer da David Gil da Bernard Comrie suka shirya shi, aka buga a Oxford a 2005, kuma tun 2008 yana intanet, ko dala ba ka biya.

Babobin Dryer a kan yankin suna su ne suka tafi da hankalina. Mutumin nan ya bi harsuna sama da 1,300 yana duba abu guda: shin sifa ce ke gaba ko suna? Kowane harshe ɗigo ɗaya a taswira. Masu sa suna a gaba sun ninka masu sa sifa a gaba fiye da sau biyu.

Daɗin abin shi ne, ɗan Arewa ba ya buƙatar tafiya nesa kafin ya gwada. Tsaya a kara cikin kasuwar Dogon Dutsi ko ta Tibiri, ka kasa kunne. Bafulatani ya ce "nagge raneewe", saniya tukuna, farinta ya biyo. Bazabarme ya ce "bari kwaaray", shi ma doki ne a gaba. Mu kuwa hannu biyu gare mu: "farin doki", ko "doki fari" in ana son jaddadawa. Allah ya yi wa Hausa baiwa!

Taswirar mallaka ta ma fi burge ni. Muna cewa "gidan Musa", Faransancin lakwal ma gida yake fara kawowa, amma Zabarmanci sai ya sa Musa a gaba. Da na duba, ashe ba shi kaɗai ba ne: harsunan Mande irin su Bambara ma haka suke yi. Wato kan iyakar tsari biyu ta ratsa jihar Doso, muna tsallaka ta kullum wurin ciniki.

Joseph Greenberg ne ya share fagen irin wannan kwatance a 1963, shi da ya taɓa zama cikin Maguzawan ƙasar Kano yana bincike. Ina ma ɗaliban Jami'ar Abdu Mumuni ta Yamai su ɗauki tambayoyin Dryer, su zo su auna Arewanci da su, tun daga yadda bakinmu ke cewa "rigas sarki".