Ƙasar da Ba Ta da Mai Ita: Nazari a kan A Man of the People na Chinua Achebe

A watan Janairun 1966 kamfanin Heinemann ya fitar da ƙagaggen labarin Chinua Achebe na huɗu, A Man of the People, wato Mutumin Jama'a. Labarin ya ƙare da sojoji sun kifar da gwamnatin wata ƙasar Afirka da ba a ambaci sunanta ba. Ranar 15 ga wannan wata kuwa wasu hafsoshi, cikinsu har da Manjo Chukwuma Kaduna Nzeogwu, suka yi yunƙurin juyin mulkin da aka kashe Firayim Minista Abubakar Tafawa Ɓalewa da Sardaunan Sakkwato Ahmadu Bello da Firimiyan Yamma Samuel Akintola a cikinsa. Tun daga nan ake yabon littafin da cewa ya hango abin da ke tafe.

Wannan yabo bai kama ainihin darajar littafin ba. Hasashen juyin mulki a lokacin bai buƙaci wata basira ta musamman ba, domin an riga an yi shi a Sudan a 1958, da Togo a 1963, da Kongo a 1965. Abin da ya cancanci nazari shi ne bayanin da Achebe ya yi na dalilin da ya sa gwamnati takan faɗi ba tare da kowa ya tashi kare ta ba.

Jigon wannan bayani yana cikin ƙissar Josiah, mai kanti a ƙauye, wanda ya yaudari wani makaho ya ɗauke masa sanda don ya haɗa asirin jawo ciniki. Da labarin ya bazu, mutanen ƙauyen suka ƙaurace wa kantinsa har ya durƙushe. Amma su ɗin dai ne ke yi wa Cif Nanga, Ministan Al'adu, kirari, alhali sun san yana wawure dukiyar ƙasa. Bambancin shi ne ƙauye yana da masu shi, waɗanda ke jin zafin abin da aka ɗauka. Ita kuwa sabuwar ƙasar da Turawa suka bari, kowa yana kallon baitulmalinta kamar ganimar da ba ta da mai ita. Ɗalibin fiƙihu zai ga mas'alar hisba a nan: inkarin munkari yana da ƙarfi a ƙauye, amma ba shi da mazauni a matakin ƙasa.

Gwanintar marubucin ta ƙara bayyana a yadda ya hana mai karatu samun gwarzo. Odili, malamin makarantar da ke ba da labarin, ya fito takara da Nanga ne bayan ministan ya ƙwace masa budurwa, don haka kishin ƙasarsa ya gauraye da ramuwar gayya. Abokinsa Max, jagoran sabuwar jam'iyya, ya karɓi kuɗin toshiya daga hannun Cif Koko, yana kafa hujja da cewa siyasa ba ta yiwuwa sai da kuɗi. Masu neman gyara sun kamu da cutar da suka zo magancewa.

Raunin littafin yana ƙarshensa. Sojoji sun shigo a shafukan ƙarshe ba fuska ba suna. An kama Nanga yana ƙoƙarin tserewa a kwalekwale cikin shigar masunta, an ayyana Max, wanda aka kashe a rikicin zaɓe, gwarzon ƙasa. Gaskiya ne Achebe ya nuna cewa jama'a ba su taka rawa a wannan sauyi ba, sun dai juya wa tsoffin iyayen gidansu baya da suka ga sun faɗi. Sai dai bai tambayi mai bindiga daga ina ya samo halaccinsa ba, kuma wa zai taka masa burki.

Malaman Musulunci sun daɗe da fuskantar wannan tambaya. Al-Mawardi, wanda ya rasu a shekara ta 450 bayan hijira, ya tattauna sarautar da aka ƙwata da ƙarfi a cikin Al-Ahkam al-Sulɗaniyya. Ya yarda a tabbatar da ita don gudun ɓarna da rushewar hukunce-hukunce, amma da sharuɗɗa, cikinsu har da karɓar dukiya bisa haƙƙi da tsayar da haddi bisa gaskiya. Abin da ya ɗauka lalura ce mai ƙaidi, sau da yawa akan mayar da shi lasisi. Tarihi ya ba da amsar da littafin bai bayar ba: juyin mulki na biyu ranar 29 ga Yulin 1966, sannan yaƙin basasa daga 1967 zuwa 1970.

Duk da haka littafin ya cancanci shiga hannun masu nazarin siyasar shari'a, domin ya gano cutar daidai. Inda jama'a ba su ɗauki dukiyar ƙasa a matsayin amanarsu ba, sauya farar hula da kakin soja sauya mai riƙe da mabuɗin taska ne kawai, taskar kuwa tana nan ba mai tsaronta.