Addu'ar Kirista: Daga Ɗakin Asiri Zuwa Filin Kwana

Wanda ya zauna unguwa ɗaya da Kiristoci a Kaduna ko Jos ko Sabon Garin Kano ya san ba salo ɗaya suke roƙon Allah ba. Wata majami'ar in ka wuce, murya ɗaya za ka ji tana jan addu'a daga littafi, jama'a na amsawa a natse. Wata kuwa sai ka rantse rigima ake yi, kowa ya ɗaga murya da tasa bukatar har gari ya waye. Littafi Mai Tsarki ɗaya ne a hannunsu, to me ya raba su?

Tushen abin yana cikin Matiyu sura ta 6 da Luka sura ta 11, inda Yesu ya koya wa almajiransa abin da ake kira Addu'ar Ubangiji. Gajeriya ce, ba ta kai minti guda. Tana kiran Allah Uba, ta fara da girmama sunansa da neman a yi nufinsa, sannan ta gangaro kan abincin yini, da gafara, da tsari daga mugu. Sharaɗi guda ta ɗora wa mai roƙo: ya nemi gafara daidai da yadda shi ma yake yafe wa waɗanda suka ɓata masa. A wannan surar ta Matiyu ne kuma aka hana yin addu'a don idon mutane da tara surutu, aka ce mutum ya shiga ɗaki ya rufe ƙofa. Ba a gindaya alwala ko alƙibla ko adadin lokuta ba, ko da yake wani tsohon littafin ikilisiyar farko mai suna Didake ya umarci a karanta ta sau uku a yini.

Daga nan masu son tsari suka yi nasu ginin. A ƙarni na 6 Benedik na Nursiya ya tsara wa sufayensa su sauke Zabura 150 duk mako, a lokutan da aka yanka dare da rana. A 1549 Thomas Cranmer ya taƙaita wa talakan Ingila wannan tsari zuwa addu'ar safe da ta yamma a harshensu, kuma wannan gadon ne Angilikan suka kawo har Wusasa. Katolika na da nasu carbin, wato rosari. Masu raina rubutacciyar addu'a suna cewa baki na tafiya zuciya na kasuwa, kuma akwai gaskiya a ciki. Sai dai wanda ya taɓa tsayawa bakin kabarin ɗansa ya san akwai ranar da baki ke mutuwa, kalmomin da aka haddace tun ana yara su ne ke ɗaukar mutum. Ƙari a kan haka, littafi yakan tilasta maka roƙa wa shugabanni da fursunoni da baƙi, waɗanda in an bar ka da son ranka ba za ka tuna da su ba.

Ikilisiyoyin da suka fi amfani da Hausa, irin su ECWA da COCIN da EYN, sun fi karkata ga salo na biyu, wato addu'ar da ke fitowa daga baki kai tsaye. Dattijo ya miƙe, ya ambaci maras lafiya da sunansa, ya roƙi damina, ya roƙa wa ɗaliban da ke jarrabawa. Zumuntar Mata ce ƙashin bayan wannan aiki, ko da ba a cika ba ta lambar yabo ba.

Salo na uku shi ne ya fi amo a yau. A 1918, lokacin annobar mura, wata ƙungiyar addu'a ta taso a Ijebu-Ode, ta zama ɗaya daga tushen cocin Aladura, sannan farkawar Joseph Babalola ta 1930 a Ilesa ta ja dubban masu neman waraka. 'Yan Fentikos suka ɗora da azumi da kwanan addu'a, har ikilisiyar Mountain of Fire ta Daniel Olukoya, wadda aka kafa a 1989, ta yi suna da addu'ar yaƙi da maƙiya. Ba a rasa dalilin karɓuwarta ba. Inda asibiti ya fi ƙarfin aljihu, aiki ya yi wuya, tsoron sammu ya yi katutu, dole mutum ya so addu'ar da ke da zafi. Ta kuma ba talaka bakin magana da Allah ba tare da jiran fada ko fasto ba.

Amma a nan ne nake ganin an saki hanya. Maƙiyin da ake roƙon wuta ta cinye, in ka bi diddigi, sau da yawa uwar miji ce ko maƙwabci ko abokin aiki, alhali Yesu ya ce a yi wa masu tsanantawa addu'a. Shi kansa a Getsamani ya roƙi a ɗauke masa wahalar da ke tafe, ya kuma miƙa wuya ga nufin Uban. Bulus ya roƙi a cire masa wata ƙaya sau uku, ba a cire ba. Wanda ke koya wa jama'a cewa duk roƙon da bai biya ba raunin bangaskiya ne, ko ƙarancin baiko, ya jingine waɗannan nassosi gefe.

A dubi EYN. Yawancin 'yan matan da aka sace a Chibok a 2014 'ya'yanta ne, an ƙona mata majami'u da dama, duk da haka ba ta sauya koyarwarta ta ƙin ramuwa ba. A ganina wannan ya fi kusa da abin da ke cikin Matiyu sura ta 6 fiye da kwana ana tsine wa dangi da lasifika, kuma ya kamata fastoci su riƙa faɗa wa mabiyansu haka ƙarara.